Amsoshin Tambayoyinku: Leza da Fitilun Fuska, Suna Maganin Ƙuraje Kuwa?

Tambaya

 Ni budurwa ce, shekarata 23, ina tsaron shagon mahaifiyata na hijabai da mayafai a Babbar Kasuwar Gombe. Tun ina sakandare nake fama da ƙurajen fuska. In sun fito sun baje sai su bar baƙin tabo, har kumatuna ya yi dabbare-dabbare. Na shafa mayuka iri-iri. Yanzu wani haɗi nake shafawa da wata mai kayan kwalliya take yi min. Da farko fuskar ta yi sumul ta yi haske, amma yanzu in na bari kwana biyu ban shafa ba sai ƙurajen su feso fiye da da. An sa bikina nan da wata huɗu. Ina gani a TikTok ana saka wani abin rufe fuska mai fitilu shuɗi da ja, wasu kuma suna cewa leza ce ke kawar da ƙuraje gaba ɗaya. Ƙawata ta ce akwai wata mai gyaran jiki da ta kawo injin. Don Allah gaskiya ne? In tara kuɗi in je a yi min, ko in sayi fitilar?

Amsa

Ƙanwata, Allah ya sanya alheri, ya nuna mana lokacin lafiya.

Haske yana aiki a kan ƙuraje, wannan ba ƙarya ba ne. Amma aikin nasa bai kai yadda ake zuzuta shi a waya ba, kuma a baƙar fata irin tamu wasu injinan suna barin ɓarnar da ta fi ƙurajen muni. Sannan a wasiƙarki akwai abin da ya fi tsaya min a rai fiye da leza, wato haɗin nan da kike shafawa. Zan zo kansa, ki dai yi haƙuri ki biyo ni.

Da farko ki san ba ke kaɗai ba ce. Wani likitan fata a Kaduna, Dakta Husain Yahya, ya duba ɗaliban sakandare ɗaruruwa, ya wallafa sakamakon a 2009: kusan tara cikin kowane goma suna da ƙurajen fuska, kodayake na akasarinsu masu sauƙi ne. Ba ƙazanta ke kawo su ba, ba kuma dattin jini ba. A gindin kowane gashi, har da siraran da ke fuska, akwai wata 'yar jaka da ke samar da maiƙo. Idan mutum ya balaga sinadaran jiki sukan tsikare ta ta ƙara aiki. Matattun ƙwayoyin fata su haɗu da maiƙon su toshe bakin ƙofar. Akwai wata bakteriya mai suna Cutibacterium acnes da ke zaune a fatar kowa, to a cikin wannan toshewar take samun wurin hayayyafa. Jiki ya taso ya yaƙe ta, wurin ya kumbura, ya yi ja, ya tara ruwa. Ke nan abu huɗu ne suka taru suka zama ƙurji: maiƙo, toshewa, bakteriya da kumburi. Duk maganin da aka kawo miki, ki tambayi kanki wanne daga cikin huɗun yake taɓawa.

Fitilun da kike gani a TikTok ba leza ba ne. Ƙananan ƙwayaye ne irin na LED, 'yan'uwan na tocila, sai dai an zaɓi launin da suke fitarwa. Dalilin shuɗin shi ne, bakteriyar nan tana ƙera wani sinadari a cikinta da ake kira fofirin. Idan shuɗin haske mai zangon nanomita 415 (ma'aunin launin haske ke nan) ya dira a kansa, sai ya saki wani nau'in iskar oksijin mai ƙuna da ke kashe bakteriyar daga ciki. Jan hasken, mai zangon 630 zuwa 660, ya fi nutsewa cikin fata, kuma yana rage kumburi. A shekarar 2000 likitoci a Landan suka gwada haɗin biyun a kan mutum 107 masu ƙuraje marasa tsanani, minti 15 kullum har mako 12. Waɗanda aka haska wa shuɗi da ja tare, ƙurajensu masu kumburi sun ragu da kimanin kashi 76 cikin ɗari. Wannan binciken ne masu talla suka fi riƙewa.

Abin da ba sa faɗa shi ne abin da ya biyo baya. A 2016 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwajen likitanci ta tace su, ta haɗa gwaji 71 da aka yi a kan mutum 4,211 game da maganin ƙuraje da haske iri daban-daban. Hukuncin da ta yanke shi ne babu ƙaƙƙarfar hujja tukuna. Yawancin gwaje-gwajen ƙanana ne, na ɗan gajeren lokaci, kuma ba kasafai aka gwada hasken kafaɗa da kafaɗa da magungunan da aka saba da su ba. Ki koma kan abubuwa huɗun nan: fitila tana taɓa bakteriya da kumburi, amma ba ta buɗe toshewa, ba ta tsayar da maiƙo. Shi ya sa idan aka daina haskawa bakteriyar takan dawo, ƙurajen su biyo ta. Kuma na gida, da ake sayarwa a intanet ko a shagunan kayan kwalliya, ƙarfinsu bai kai na asibiti ba, wasu ma babu wanda ya auna abin da suke fitarwa.

Akwai abu biyu kuma da suka shafe mu. Na farko ido. A 2019 kamfanin Neutrogena, wanda ba ƙaramin kamfani ba ne, ya janye nasa abin rufe fuskar mai fitila daga kasuwa saboda fargabar zai iya cutar da idon masu wasu larurorin ido da masu shan magungunan da ke sa jiki ya kasa jure haske. Idan wanda ya bi ta hannun hukumomi ya kai ga haka, ina ga wanda ya iso cikin kwali ba suna ba adireshi? Na biyu, masu bincike a birnin Nis na Faransa sun nuna a 2014 cewa shuɗin haske, a wannan zangon na 415, yana iya sa fata mai duhu ta ƙara duhu, kuma duhun ya daɗe bai washe ba. Ke da baƙin tabo ne babban kukanki, wannan ba abin wasa ba ne a gare ki.

Yanzu leza. Ita haske ce mai launi ɗaya tak, wanda aka tattara wuri guda da ƙarfi. An fara ƙera ta a Amurka a 1960, amma sai a 1983 wasu masu bincike biyu na Jami'ar Harvard, Rox Anderson da John Parrish, suka fayyace ƙa'idar da aikin fata ya ginu a kanta har yau: kowane abu a cikin fata yana da zangon hasken da yake sha, idan ka zaɓi zangon daidai ka kuma taƙaita lokacin harbawa, za ka ƙona abin da kake nufi ka bar na kewaye da shi. Jini yana da nasa, ruwa yana da nasa, maiƙo yana da nasa, haka ma melanin, sinadarin da ya ba fatarmu launinta.

A nan gizo ke saƙar. Ke mai sayar da hijabai ce, kin fi ni sanin bambancin baƙin hijabi da fari idan aka fita da su tsakar rana a watan Afrilu a Gombe: baƙin yana zuƙe rana ya ɗau zafi, farin yana mayar da ita. Haka fata take a gaban injin. Bature mai farar fata, hasken yana ratsa saman fatarsa ya isa inda aka aike shi. Mu kuwa melanin ɗin da ke saman fatarmu yana tare hasken a hanya, ya mayar da shi zafi a wurin. Sakamakon shi ne ƙuna, ko bororo, ko baƙin tabo mai faɗi, ko kuma farin tabo inda launin ya mutu, wanda ya fi wuyar gyara. Mai jikin da tabonsa ke tasowa ya yi tudu, irin wanda kike gani a kunnen wasu mata bayan huda, ita haɗarinta ya ninka. Likitocin fata suna raba fatar mutane gida shida bisa ma'aunin da Thomas Fitzpatrick ya tsara a 1975, kuma akasarinmu a gida na biyar da na shida muke. Injinan da yawa an ƙera su, an kuma gwada su, a kan mutanen gida na ɗaya zuwa na uku.

Injin da ya fi yawo a wuraren gyaran jiki, saboda ya fi araha, shi ne wanda ake kira IPL. Ba leza ba ce ta gaskiya, walƙiya ce mai ƙarfi da ta ƙunshi zanguna da yawa a haɗe, kuma da dama cikinsu melanin yana shan su sosai. Shi ne wanda na fi jiye miki tsoro. Wadda likitoci suka fi amincewa da ita ga baƙar fata ita ce Nd:YAG mai zangon 1064, domin melanin bai cika shanta ba, tana wucewa ciki. Duk da haka sai an rage ƙarfinta, an sanyaya fatar, an kuma fara gwadawa a ɗan wuri a ɓoye, kamar bayan kunne, a jira a ga yadda zai yi.

Akwai sabuwa da ta ba likitoci ƙwarin gwiwa sosai. A 2022 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da leza mai zangon 1726, injin farko sunansa AviClear, daga baya wani mai suna Accure ya biyo. Wannan zangon maiƙo ne ke shan sa, don haka jakar maiƙon take nufa kai tsaye ta rage mata ƙarfi, kuma ba ta cika damuwa da launin fata ba. Yawanci zama uku ake yi, wata guda tsakani, kuma ƙurajen sukan ɗan tashi kafin su lafa. Tunani ne mai kyau, domin ya je ga tushe. Amma injin yana da tsadar gaske, a Amurka ma kuɗin zaman ukun dubban daloli ne. Idan wani ya ce miki ya kawo irinta a farashin da cinikin mako guda zai biya, ki nemi ganin sunan da ke jikin injin. A Najeriya wuraren da ke da leza ta gaskiya da likitan fata a kanta sun fi taruwa a Legas da Abuja.

Ban san matar da ƙawarki ta faɗa miki ba, kuma ba zan ce tana da mugun nufi ba. Mata da yawa sun sayi injinan nan da zuciya ɗaya, an koya musu danna maɓalli a kwana biyu. Amma kafin ki miƙa fuskarki ga kowa, ki yi tambaya ba kunya. Menene sunan injin, zangonsa nawa? Wa zai riƙe shi, likita ne mai rajista da hukumar likitoci ta ƙasa, ko akwai likitan da ke tsaye a kan aikin? Mutum nawa masu irin launina aka yi wa, ina hotunansu bayan wata uku, ba bayan awa ɗaya ba? Za a ba ni tabarau na kariya? Idan na ƙone wa zai duba ni? Wanda ya san aikinsa zai ji daɗin tambayoyin, har ya ƙara da nasa: me kike shafawa, me kike sha, kina da ciki? Wanda ya ce "kwanta kawai, ba komai", ki ɗauki jakarki. Kada garin gyaran gira a rasa ido, wata huɗu kafin biki.

Sannan ki dubi madubi da kyau, domin abin da muke kira tabo kala biyu ne, kuma maganinsu ya bambanta. Ki shafa yatsa a wurin. Idan sumul yake, launi ne kawai ya yi duhu, to wannan melanin ne da fata ta zubar a wurin da aka yi kumburi. Yana washewa da kansa cikin watanni idan sababbin ƙuraje sun daina fitowa, aka daina matsa su, aka kuma kare wurin daga rana. Ba ya bukatar leza, hasali ma leza tana iya ƙara shi. Idan kuwa kin ji rami-rami, naman wurin ne ya zaizaye, kuma mai ba ya cike shi. Nan ne leza ta fi amfani, musamman irin wadda aka fito da ita a 2004 mai huda fata ɗigo-ɗigo ta bar lafiyayyar fata a tsakani domin warkewa ta yi sauri. Ga masu duhun fata likitoci sukan fara da wata hanyar, ta huda fata da ƙananan allurai masu tsabta, domin babu zafin da melanin zai zuƙa. Ko wanne ne, ba a yin sa sai ƙurajen sun kwanta. Yadda kika bayyana naki, ya fi kama da na farkon, kuma wannan albishir ne.

To, ga batun haɗin. Abin da kika faɗa, fuska ta yi sumul ta yi haske da sauri, sannan in an bari ta fashe da ƙuraje, alama ce da likitocin fata suka sani sarai: akwai sitiroyid a ciki. Maganin kumburi ne mai ƙarfi, irin su clobetasol da betamethasone, wanda aka yi don wasu cututtukan fata, a shafa na 'yan kwanaki bisa umarnin likita. Yana cikin mayukan da ake saye a kemis ba takarda, irin su Skineal da Funbact-A, kuma masu haɗi sukan matse bututun cikin man shafawa domin yana saurin haska fata. Makonnin farko yana danne kumburi, ki ga kamar kin warke. Daga nan sai ya fara sirantar da fata, jijiyoyi su bayyana, gashi ya tsiro a kumatu, shi kansa ya haifar da wasu ƙuraje ƙanana masu kama ɗaya. In kin daina fuska ta yi zafi ta feso, ki koma, a haka ake kamuwa. Wasu haɗin suna da hydroquinone fiye da kima, wanda idan aka daɗe ana shafawa yake kawo wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kan ƙashin kumatu, wanda likitocin Afirka ta Kudu suka bayyana tun 1975, kuma leza ma da ƙyar take taɓa shi. Wasu kuma har da sinadarin makuri mai lalata ƙoda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ruwaito a 2011 cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya suna amfani da mayukan haska fata, kuma a 2023 NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Na san ba bilicin kika nufa ba, magani kika nema. Mata da yawa ta wannan ƙofar suka shiga.

Fatar da sitiroyid ya sirantar, idan aka ɗora mata leza ko IPL, ta fi kowace saurin ƙonewa da jinkirin warkewa. Don haka ko da injin mafi kyau a duniya yana bakin shagonki, ba yanzu ba.

Da ni ce ke, kuɗin da zan tara wa fitila zan kai asibiti. Ki je Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe, ko Asibitin Ƙwararru na jiha, ki yanki kati, ki ce kina son a tura ki wurin mai duba fata. Ki tafi da robar haɗin da duk wani mai da sabulun da kike amfani da su, kada ki ɓoye komai. Kada ki yanke haɗin rana ɗaya da kanki idan kin yi watanni a kansa. Likita zai tsara miki yadda za ki sauka, kuma ki sa a ranki cewa makonnin farko fuskar za ta ɓaci kafin ta daidaita. Wannan ɓacin ba alamar kin yi kuskure ba ne, fata ce ke dawowa hayyacinta. Gara ya same ki yanzu da ya same ki ana saura mako biyu.

Magungunan da aka fi tabbatar da aikinsu ba su da ƙyalli, kuma ana samunsu a manyan shagunan magani. Benzoyl peroxide, mai ƙarfin kashi 2.5 zuwa 5, yana kashe bakteriyar nan da fitila ke nema. Ki kula, yana cinye launin tufafi, kada ya taɓa hijabi mai kala ko kayan shago, ki kuma sa farar rigar filo. Adapalene yana buɗe toshewar, da daddare ake shafa shi, ɗan kaɗan kamar ƙwayar wake ga fuska duka, a fara da tsallake kwana domin yana busar da fata, balle da hunturu. Azelaic acid yana taɓa ƙuraje da baƙin tabo tare. Idan ƙurajen masu zurfi ne likita yana iya ƙara doxycycline na 'yan watanni, wanda ke sa fata ta kasa jure rana da haske, wani dalilin kuma na nesantar injin. Dukkansu sai an yi mako 8 zuwa 12 kafin a ga canji na sosai. Wata huɗunki ya isa, idan kin fara a wannan makon. Ki haɗa da man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama, kowace safiya, ko da a cikin rumfa kike wuni.

Ƙananan abubuwa ma suna da tasiri. Wanke fuska sau biyu a rana da sabulu mai laushi ya wadatar, dirza da soso ƙara kumburi yake yi. Man kitso mai nauyi yana gangarowa goshi ya toshe ƙofofin, haka gefen hijabin da ya sha gumi yana gugar haɓa da kumatu, ki riƙa canza shi. Idan lokacin gyaran amarya ya zo, ki ce a yi dilka da halawa a jiki a bar fuska, domin gurzar fuska mai ƙuraje tabo take ƙarawa. Gyaɗa da ake ta zargi, bincike bai kama ta da laifi ba. Abin da aka fi samun alaƙa da shi shi ne yawan sukari da lemon kwalba, da madara ga wasu mutanen. Idan kuma al'adarki tana rikicewa, ko gashi yana fito miki a haɓa, ki faɗa wa likita, domin wani lokaci ƙurajen daga rikicewar sinadaran jiki suke, kuma maganin wannan daban ne.

Abu na ƙarshe yana da nauyi, tunda aure za ki yi. Ki gaya wa likita ranar bikin tun a zaman farko. Adapalene da doxycycline ba a amfani da su da juna biyu, don haka za a tsara lokacin da za ki ajiye su. Akwai kuma wata ƙwaya mai suna isotretinoin, wadda ita ce mafi ƙarfi a maganin ƙuraje masu tsanani, amma tana nakasa jariri a ciki mummunar nakasa. Idan wani ya miƙo miki ita a kemis ko ta intanet, ko da da wane suna aka rubuta a kwalin, kada ki sha sai a hannun likitan da ya san kina shirin aure. Azelaic acid yana cikin waɗanda ake barin mai ciki ta ci gaba da su, shi ya sa likita zai iya mayar da ke kansa idan lokacin ya matso. Bayan biki, idan ƙurajen sun kwanta na watanni kuma kin ji akwai ramukan da suka rage, a lokacin ne za ki tambayi likitan naki ko ya tura ki inda ake da injin da ya dace da launinki.